Kafin Ikkilisiyarku Ta Buɗe Gidan Marayu A Jos

A kusan kowace ikkilisiya da na sani, maganar takan fara ne da yaro ɗaya. An tsinci jariri a bayan katanga da asuba, ko kuwa wata tsohuwa ta iso daga Bokkos da jikoki huɗu bayan an ƙona musu ƙauye, ba ta da inda za ta ajiye su. Ranar Lahadi bayan sujada sai wata uwa daga Zumuntar Mata ta miƙe ta ce, "Baba Fasto, har yaushe za mu zuba ido? Mu buɗe gida mana." A yi tafi, a ɗauki baiko na musamman, wani dattijo ya ba da gidansa da babu kowa a ciki. Bayan wata shida yara sun kai ashirin, buhun masara ya ƙare, kuma babu takarda ko guda da ta nuna yadda yaron farko ya shigo.

Na rubuta wannan ne don kwamitin da aka ɗora wa irin wannan nauyi. Ra'ayina tun daga farko shi ne ku ɗauki gidan a matsayin zango. Yaro ya sauka, ya huta, ya warke, sannan a nema masa iyali. Duk shawarar da ke ƙasa daga nan ta fito.

Na farko: ku tabbata gida ne ake bukata

Kada ku fara da neman fili. Ku fara da kai ziyara wajen waɗanda suka riga ku. A nan Jos akwai Gidan Bege, wanda ya daɗe yana aiki da yaran da ke kwana a titi, akwai kuma Zambiri, inda Mama Gloria Kwashi, matar tsohon Akbishop na Angilikan Benjamin Kwashi, ta tara marayu da dama tana koyar da su. A yankin Abuja akwai Vine Heritage Home, wanda Olusola Stevens da matarsa Chinwe suka kafa a 2004 don karɓar jariran da al'ada ta ƙi a wasu ƙauyuka, kamar tagwaye da waɗanda uwarsu ta rasu wajen haihuwa. Ku je ku zauna da irin waɗannan mutane, ku tambaye su abin da ke hana su barci. Wataƙila ku tarar cewa buhu goma na masara duk shekara daga ikkilisiyarku zai fi amfani da sabon gida.

Sannan ku zauna ku rubuta sunayen yaran da suka sa kuka fara maganar, kowane da danginsa. Za ku yi mamaki. Mafi yawan yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba da rai, kuma a wajenmu da wuya ka sami yaron da ba shi da kaka, gwaggo ko kawu. Abin da ya kawo shi talauci ne, ko gudun hijira, ko kishiyar uwa. Ka'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun ce talauci kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyalinsa ba, sun kuma ce yaran da ba su kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata a rene su. Binciken da aka fara a Romaniya a 2000 ya nuna cewa yaran da aka fitar daga gidajen marayu aka ba iyalai kafin su cika shekara biyu sun fi waɗanda aka bari ci gaba wajen magana, fahimta da shaƙuwa da mutane. Mu ma da muke karanta Littafi Mai Tsarki mun san cewa da aka tsamo Musa daga bakin kogi, uwarsa aka kira ta shayar da shi, har da lada.

To tsohuwar nan ta Bokkos, idan kuka kama mata ɗaki, kuka biya kuɗin makarantar jikokin, kuka ba ta jarin sayar da dankali a Farin Gada, kun yi aikin gidan marayu ba tare da kun gina ba. Waɗanda suka rage bayan wannan tankaɗe, wato jariran da aka yar, yaran da ake azabtarwa a gida, waɗanda aka yi wa ƙazafin maita aka kore su, su ne naku.

Na biyu: takardu kafin yaro

Wannan ne wurin da masu zuciya mai kyau suka fi faɗuwa. Rajistar ikkilisiya ba ta ba ku izinin ajiye yaran mutane ba. Ku yi wa gidan rajista ta kansa a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Za a bukaci kundin tsarin ƙungiyar, sunayen amintattu, da sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Ku sa lauya ya yi muku. A cikin amintattun kada a tara miji da mata da ƙanin miji. Ku nemo ma'aikaciyar jinya, malamin makaranta, wanda ya san lissafin kuɗi, da mutum ɗaya da ba ya tsoron faɗa wa fasto gaskiya.

Bayan CAC sai Ma'aikatar Harkokin Mata da Ci Gaban Al'umma ta Jihar Filato, domin ita ce ke duba gini da ma'aikata ta ba da izinin karɓar yara. Ku kai takardar neman izini, ku karɓi shaidar cewa an karɓa, ku ajiye kwafi. Daga nan ku yi rajista da SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram, don banki zai tambaya kafin ya buɗe muku asusu. Ku sayi kwafin Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, da ta Jihar Filato ta 2005, ku karanta a taron kwamiti kamar yadda kuke nazarin Littafi.

Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne ya tuna da gidan marayu na Du Merci da ke Kano. A ranar Kirsimeti ta 2019 aka kama wanda ya kafa shi, Farfesa Solomon Tarfa, aka kwashe yaran zuwa gidan gwamnati, kuma batun rajista na cikin abin da aka yi ta ja a kai. An shafe shekaru a kotu kafin a wanke shi. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya a wannan shari'a, yaran ne suka fi shan wahala.

Na uku: ginin

Ba sai ya yi kyau ba, amma injiniya ya duba shi. Mutanen Jos ba su manta da 12 ga Yuli 2024 ba, ranar da benen wata makaranta a Busa Buji ya rufta kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu. Ku guji bene idan da hali. Ɗakin maza daban, na mata daban, bayan gida ma haka, kowane yaro da gadonsa da gidan sauro. Kowane ɗakin kwana ya kasance da hanyar fita biyu, kuma kada a kulle yara ta waje da dare, komai dalili. Rijiya a rufe ta da murfin ƙarfe mai kwaɗo. Idan akwai tsohon kududdufin haƙar kuza kusa, katanga ta zama dole.

Sai sanyi. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daren Disamba da Janairu yana iya kashe jariri. Ku tanadi barguna, huluna da safa tun damina. Kada a shiga ɗakin kwana da kaskon gawayi a rufe taga, hayaƙinsa da ba a gani shi ke kisa.

Na huɗu: ranar da aka kawo yaro

A nan zan daɗe, don abin da aka yi a awa 24 na farko shi yaron zai rayu da shi har ya tsufa.

Idan jariri ne aka tsinta, rai ake fara ceto. A tsane jikinsa, a cire jiƙaƙƙen tsumma, wata mata ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula, a lulluɓe su tare. Kada a yi masa wanka, kada a ɗura masa ruwan zafi da sukari ko zuma, kada a shafa wa cibiya man goge baki ko toka. A wuce asibiti kai tsaye: JUTH, Jankwano, Asibitin Ƙwararru na Filato ko OLA, wanda ya fi kusa. Yayin da ake hanya, mutum na biyu ya tafi ofishin 'yan sanda na yankin da aka tsince shi ya ba da rahoto, ya nemi takardar rahoton a rubuce. Wanda ya tsinci jaririn ya bi shi ya ba da bayani da bakinsa. A sanar da mai unguwa. A ranar, ko washegari da safe, a sanar da jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ko na ma'aikata. Shi ne zai rubuta takardar da ta damƙa muku yaron, shi ne kuma zai kai maganar Kotun Iyali don a ba da umarnin kulawa. Ƙa'idar gidanku ta zama ɗaya: yaro ba ya zama a nan sai da takardar hukuma, ko da bishop ne ya kawo shi a motarsa.

Sau da yawa dangi ne za su zo da kansu. Wani zai ce, "Mama, ku taimaka, uwar ta rasu, ni kawunsa ne." Ku ba shi wurin zama da ruwa, amma kada ku karɓi yaron a tsaye. Ku ce, "Baba, mu je ofishin jin daɗin jama'a tare, a rubuta." Mai gaskiya zai bi ku. Wanda ya sato yaro, ko yake so ya kawar da magaji don ya cinye gona, a nan zai fara kame-kame.

Ku buɗe wa kowane yaro fayil a ranar da ya shigo. A rubuta rana da lokaci, ainihin wurin da aka same shi, sunan wanda ya kawo shi, abin da ke jikinsa, tabo ko alamar haihuwa, a ɗauki hoto. Zanen da aka naɗe shi da shi, ɗan kunne, laya, guntuwar wasiƙa, duk a wanke abin da ke wankuwa a sa a leda a rubuta suna. Na taɓa ganin budurwa 'yar shekara 19 ta zo tana tambaya, "Anti, ba a same ni da komai ba?" Aka duba, ashe an ƙona zanen tun a makon farko saboda datti. Ba ta yi kuka ba, ta yi godiya ta tafi, kuma har yau abin yana damuna.

Idan yaron ya yi wayo, ku bar masa sunansa. Ku rubuta yaren da yake ji, Birom ne ko Magabul ko Ron ko Fulatanci, da addinin gidansu. A garin da ya ga rikicin Satumba 2001 da na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010, ba sai an yi wa kowa bayanin abin da jita-jitar "coci ta sace yaron Musulmi" za ta iya haifarwa ba. Sashe na 7 na dokar 2003 ya ce duk lokacin da ake batun riƙon yaro ko kula da shi, haƙƙinsa na tashi cikin addininsa abu ne da za a sa a gaba. Don haka idan Musulmi ne, ku ba shi abinci da magani da wurin kwana, ku gaya wa jami'in hukuma a ranar, a nemi danginsa ta hannun mai unguwa da limamin unguwar. Kada a canza masa suna, kada a yi masa baftisma. Wasu 'yan'uwa ba sa son jin wannan, na sani. Amma shaidar da ta fi ƙarfi a unguwa ita ce a ce mutanen nan sun riƙe ɗanmu da amana sun dawo mana da shi.

Na biyar: lafiya da abinci

A makon farko likita ya duba kowane yaro: zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ƙanjamau, ciwon hanta, da gwajin jini na sikila. Ga jaririn da bai kai wata 18 ba, gwajin ƙanjamau na yau da kullum yana iya nuna na uwa ne, don haka akwai gwaji na musamman da ake yi musu, ku tambaya. Sakamakon sirri ne tsakanin shugabar gida da mai jinya. Rigakafi kuwa kyauta ne a asibitin gwamnati: da haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, sai wata 9, sai wata 15. Katin ya shiga fayil. Ku je Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi masa takardar haihuwa, daga baya a yi lambar NIN, don ba zai rubuta JAMB ba sai da ita.

Madarar gwangwani ita ce ke karya gidajen jarirai. Jariri ɗaya yana shan kimanin kilo 20 a wata shida na farko. Ku lissafa da farashin yau kafin ku ce kuna karɓar jarirai. Idan kuɗi ya yi ƙasa, masu reno sukan ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe, yaro ya yi ta ramewa ana cewa maita ce. A tafasa ruwa, a auna daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Ƙaramin kofi ya fi bulunboti sauƙin wankewa.

Ku nemi ɗan tef ɗin nan mai launi da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya nuna ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a kai shi. Kada tausayi ya sa a cika masa ciki da tuwo da nama a ranar farko, jikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar haka. Ga sauran yara, Filato ba ta rasa abinci ba: gwate da ganye, acca, dankali, wake, da kunun gasasshen hatsi da waken soya da gyaɗa. Ku sayi masara lokacin kaka a Mangu ku adana.

Na shida: masu reno

Yaro yana bukatar fuska ɗaya da zai saba da ita. Ku raba yaran ƙungiya-ƙungiya kamar iyali, shida zuwa takwas ga uwa ɗaya, jarirai kuwa kada su wuce uku. Ku biya albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, kuma matar da ake gaya wa "ladanki yana sama" alhali 'ya'yanta na gida ba su ci ba, ko ta tafi ko ta huce a kan yara. Ku ba ta ranar hutu.

Kafin a ɗauki kowa, a tambayi inda ya yi aiki a baya, a kira su a waya. Wasiƙar fasto kaɗai ba ta isa ba. A rubuta dokoki kowa ya sa hannu: babba ba ya keɓewa da yaro a ɗaki a rufe, namiji ba ya shiga ɗakin 'yan mata, babu duka, babu horo da yunwa, babu azumin dole, babu "addu'ar cire aljani" ga yaron da ke fitsarin kwance. Yaron da ya ga an kashe ubansa zai yi fitsarin kwance, zai ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, zai firgita da ƙarar knockout na Kirsimeti. Haƙuri yake bukata da wanda ya iya sauraro. A sami mutum ɗaya daga wajen gidan da yara suka sani, wanda za su iya kai wa ƙara. Idan aka zargi wani da lalata da yaro, a dakatar da shi a ranar, a kai yaron asibiti, a kai rahoto ga 'yan sanda. Ba maganar da dattawa za su sasanta a ofishin fasto ba ce don gudun ɓata sunan ikkilisiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rufa-rufa ita ce tsagar.

Na bakwai: kuɗi da baƙi

Hannu biyu a kan asusu, rasit ga kowane buhu, rahoto ga ikkilisiya duk wata uku. A Disamba za a cika ku da shinkafa da taliya, a Yuli kuwa ba mai leƙowa, don haka ku nemi mutum hamsin masu ba da kaɗan duk wata maimakon babban mutum ɗaya. Masu zuwa bikin ranar haihuwa su zo, amma a rubuta sunansu, kada su ɗauki hoton fuskar yara su sa a Facebook, kada kuma a jera yara su yi waƙar "mu marayu ne". Fita da yara bara ko talla da sunan gida laifi ne a doka.

Wata rana wani zai zo da mota mai kyau ya ce matarsa ta shekara goma ba haihuwa, zai ba gida "kyauta" idan aka ba shi jariri. Wannan sayar da mutum ne, aikin da NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke kama mutane a kai. Ku nuna masa hanyar ma'aikata.

Na takwas: hanyar fita

Neman dangi yana farawa ne a makon da yaro ya shigo. Tare da jami'in hukuma a yi cigiya a rediyo, a PRTV ko Highland FM, a aika saƙo ta majami'u da masallatai da masu unguwanni. A ɓoye alama ɗaya da ba za a faɗa ba, don a gwada duk wanda ya zo ya ce nasa ne. Idan an sami dangi, kada a miƙa yaro a ranar. A je a ga gidan, a gane abin da ya raba su tun farko, a fara da ziyara, sai kwana biyu, sai hutun makaranta. Bayan ya koma a ci gaba da leƙawa aƙalla shekara guda, da kuɗin makaranta idan shi ne matsalar. Zumunta a ƙafa take.

Wanda ba a sami nasa ba, a nema masa iyalin riƙo ta hannun ma'aikata da kotu, kuma a nan ne ikkilisiya ta fi kowa arziki, don tana cike da iyalai. Masu son mayar da yaro ɗansu na har abada, kotu ce kaɗai ke ba da wannan. A dokar 2003, mai nema ya kai shekara 25, ya girmi yaron da shekara 21, kuma yaron ya zauna a hannunsa wata uku a jere kafin a yanke hukunci.

Akwai waɗanda za su girma a hannunku duk da haka. Su yi makaranta a cikin gari tare da sauran yara, su je kasuwa, su iya dafa abinci da riƙe kuɗi. Wanda aka san ƙauyensu a riƙa kai shi hutu, ya riƙe yarensa, dagaci ya san fuskarsa, a rubuta gonar ubansa a gaban shaidu tun yana ƙarami, don wanda ya dawo yana ɗan shekara 20 ba ya jin yare, baƙo ne a gonar ubansa. Ba a fafe gora ranar tafiya: daga shekara 15 a fara maganar sana'a ko karatu, a buɗe masa asusu, a haɗa shi da iyali ɗaya a ikkilisiya da zai riƙa zuwa wurinsu Kirsimeti, waɗanda za su tsaya masa ranar aure. Ranar da zai tafi a ba shi takardar haihuwarsa, sakamakon jarrabawarsa, kwafin fayil ɗinsa, da ledar nan da aka ajiye tun ranar farko.